Ruwan Funtuwa a Matan Fada

Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, hotunansa sukan riga 'yan kallo dawowa gida. Kafin la'asar, wayoyin da ke majalisun Funtuwa da Bakori da Malumfashi sun cika da bidiyon dubban maza, kowa da gorarsa da homarsa, sun yi cirko-cirko a bakin gulbi suna jiran a buga bindiga su auka ruwa. Mukan kalla, mu jinjina kai, mu tura wa wani, sannan mu koma hirar kuɗin taki da farashin masara. A ganinmu wannan harkar Kabawa ce. Mu mutanen tudu ne, 'ya'yan auduga da dawa, abin da ya haɗa mu da kifi bai wuce a saya a soya ba.

Sai dai ruwan da suke faɗawa ɗin nan akwai namu a ciki. Gulbin Sakkwato daga nan kusa da Funtuwa yake tasowa. Ruwan saman da ke sauka a gonakinmu cikin watan Agusta shi ne ke bin kwazazzabai da ƙoramu, ya taru ya zama kogi, ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya wuce ta Talatar Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato. Daga nan sai ya karyo kudu ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, har ya zuba a kogin Kwara. Su ma Gagare da Karaduwa, waɗanda ke kwashe ruwan wasu sassan ƙasar Katsina, a Rima suke ƙarewa. Idan haka ne, tarihin wannan biki bai kamata ya zama baƙo a wurinmu ba, don daga bayan gidanmu ruwansa ke farawa.

Tun kafin a san wani abu wai shi biki, su sana'a ce, kuma ginshiƙi ce ta daular Kabi. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin daular Songhai ya kafa mulkinsa, ya gina birnin Surame wanda har yau kufansa na nan. Ƙarfin Kabi a kan fadama ya dogara. Gulbin yakan cika da damina ya malale faɗin ƙasa, ya bar laka mai albarka ga manoman shinkafa, ya bar tafkuna cike da kifi ga masunta, ya kuma zama katanga ga dawakin abokan gaba. Har ana ba da labarin cewa Kanta yana da wani ƙaton jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa da shi idan ruwa ya kawo. Ko labarin ya sha gishiri a bakin masu ba da shi, ya nuna inda Kabawa suka ɗauki sarauta take.

Sunan Sarkawa da muke kiran masu sana'ar ruwa da shi yana da alaƙa da Sorko, masuntan kogin Kwara na ƙasar Songhai. Sana'ar tana da shugabanni da doka. Akwai Sarkin Ruwa, akwai kuma Homa, shugaban masunta a Argungu. Akwai gurbin da ake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka ba da izini. Kafin a buɗe, akan yi gyaran ruwa, sannan a yi fashin ruwa, wato buɗe kakar su ta shekara. Masu imani da abin sukan ce Sarkin Ruwa yana sallamar kadoji da mutanen ɓoye su kauce har a gama. Malamai sun daɗe suna ja da wannan ɓangare, kuma da yawansa ya ragu. Amma idan aka ɗauke tsafin aka ajiye gefe, abin da ya saura tsari ne da ma'aikatan kiwon kifi na zamani ke wa'azinsa a yau: a bar kifi ya yi ƙwai, a bar ƙanana su girma, a yi kamu lokaci guda a gaban kowa don kada wani ya ci rabon wani.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauya al'amura. A 1805 rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci Birnin Kabi. Wani ɓangare na gidan sarautar bai miƙa wuya ba, ya koma Argungu ya kafa sabuwar cibiya. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, daga nan kuma aka shiga shekaru masu yawa na kai hari da ramuwa tsakanin Argungu a gefe guda, Sakkwato da Gwandu a ɗaya gefen. An sami ɗan sararawa na 'yan shekaru wanda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bai ɗore ba. Har Turawa suka iso Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903, gabar ba ta mutu ba. Yaƙi ya tsaya, zukata dai ba su huce ba.

Wannan ne ya sa ziyarar 1934 ta zama babban al'amari. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa zuwa Argungu, wurin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Me za a nuna wa baƙo irin wannan? Hawan dawaki ba zai burge mutumin Sakkwato ba, ya fi kowa dawaki. Dambe da kokawa akwai su a ko'ina. Sai Kabawa suka nuna masa abin da su kaɗai ke da shi, suka tara masunta suka yi gagarumin su a gabansa. A nan muna ganin hikima, muna kuma ganin 'yar gadara irin ta masu gida. Ruwan nan da ya hana dawakin Sakkwato sakat shekara da shekaru, shi aka shimfiɗa wa Sarkin Musulmi a matsayin karramawa.

Daga ranar su ya sami abin da bai taɓa samu ba, wato ɗan kallo na musamman. A da duk wanda ya zo bakin ruwa ya zo ne ya kama, ko ya saya, ko ya taya ɗauka. Yanzu ga mutum a inuwar rumfa wanda ba ya bukatar kifin, kallon ne ya kawo shi. Sannu a hankali 'yan rumfa suka yi ta ƙaruwa: sarakuna, jami'an Turawa, daga baya 'yan siyasa. A 1970, jim kaɗan bayan yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani. Tun daga lokacin bikin ya zama na ƙasa, har ma na ƙasa da ƙasa. Aka gina masauki, aka ƙara nunin amfanin gona, kamfanoni suka fara sa kyaututtuka, 'yan jarida da masu yawon buɗe ido daga Turai da Amurka suka fara sauka. Tsohuwar fadar sarki, wadda aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958, ta zama zangon da baƙi ke yadawa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta yarda gadon bil'adama ne.

Abin da baƙo ke gani ba ƙarami ba ne. Akwai kabanci, wasannin ruwa da suka haɗa da tseren kwale-kwale, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa, da iyo, da nutso inda ake gwada wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Sannan ranar ƙarshe a yi babban su a Matan Fada. Kayan aikin kuwa ba su wuce biyu ba. Gora ƙatuwa mai baki, wadda masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo, ya kuma zuba abin da ya kama a cikinta. Sai homa, wadda mu a nan muka fi sani da koma, guda biyu, ɗaya a kowane hannu, ana buɗe su a ruwa a haɗe bakinsu. Da waɗannan ake fito da giwan ruwa wanda ya fi wani mutum nauyi. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a sikeli. Duk wanda ya taɓa riƙe tarwaɗa mai rai da hannu ya san abin da ake nufi da a rungumi kifi irin wannan a cikin ruwa mai laka, ga dubban mutane suna turereniya a kanka.

To amma a lura da abin da kallo ya yi wa sana'ar. Su na gargajiya ba shi da na ɗaya, kowa ya koma gida da abin miya shi ne nasara. Bikin ya kawo sikeli, ya kawo agogo, don cikin kamar sa'a guda ake gamawa, ya kawo mota da kujerar Makka. Ba mu ce wannan laifi ba ne. Masunci ma ɗan'adam ne, yana son mota. Amma inda aka ajiye kyauta mai tsoka, nan kwaɗayi ke tsuguno. A 2008 sai da aka ƙwace kambin daga wanda aka fara bayyanawa ya ci, bayan da aka gano cewa kifin nasa ya riga ya mutu kafin a fito da shi. Ashe dai kifi na ganinka, mai jar koma.

Ba Kabawa kaɗai wannan ya samu ba. Duk inda baƙi suka gano mutanen ruwa, labarin yakan yi kama da juna. A tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik, hawan igiyar ruwa a kan allon katako tsohuwar al'adar 'yan ƙasa ce, sarakunansu ma suna yi. Bayan zuwan 'yan mishan a 1820, da cututtukan da suka rage yawan jama'ar, al'adar ta ja baya ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 aka farfaɗo da ita a gaɓar Waikiki, kuma masu son jawo baƙi suna cikin waɗanda suka fi ƙwazo a kai. Ƙungiyar da aka kafa a 1908 don wasan, akasarinta fararen fata ne, har 'yan ƙasa suka kafa tasu. Daga cikinsu aka sami Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a gasar iyo ta Olamfik a 1912, ya kuma yaɗa wasan a duniya. Al'adar ta rayu, amma otal-otal ne suka gaje bakin tekun. A kudancin Siri Lanka kuwa akwai masunta da ke kafa sanda a cikin teku su ɗare kai suna fatsa. Hotonsu ya zagaya duniya. Yau, musamman bayan ambaliyar sunami ta 2004, da yawa daga masu ɗarewa sandunan ba kifi suke jira ba, mai kyamara suke jira ya biya.

Argungu ba ta kai nan ba, kuma dalilin a fili yake: masu shiga ruwan masunta ne na gaske, kifin ma na gaske ne, domin an hana taɓa gurbin duk shekara. Tsohuwar dokar Sarkin Ruwa ita ke riƙe da sabon bikin. Amma akwai abin da Sarkin Ruwa ba shi da iko a kai, shi ne yawan ruwan da zai iso masa daga sama.

A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. An fi tuna ta da abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da dama. Ba a cika maganar waɗanda ke ƙasa da madatsar ba. Ambaliyar shekara-shekara, wadda mutumin birni ke ɗauka masifa, ita ce rayuwar fadama. Idan ruwa ya malala cikin ciyayi, nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, nan 'ya'yansa ke samun abinci da maɓoya, idan ruwa ya janye su dawo gulbi da ƙiba. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu a tsawo da faɗi da daɗewa, noman shinkafar fadama ya ragu, kamun kifi ma ya ragu a garuruwan da ke ƙasa. Daga baya aka ƙara madatsar Goronyo a kan Rima. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya ƙara nasa. Masunta da yawa daga Kabi da Yawuri suka bi ruwa inda ya koma: tafkin Kainji, madatsar Tiga, tafkin Chadi.

A 2006 ruwan Matan Fada ya yi ƙarancin da sai da aka dakatar da kamun kifin a bikin shekarar. Bayan na 2009 kuma aka yi shekara goma ba a yi ba, rashin tsaro na cikin manyan dalilai. Da aka dawo a watan Maris na 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, mutane suka yi ta murna. Mu dai abin da ya zo mana a rai shi ne, ruwan da aka ƙyale ya huta ai dole ya yi kyauta.

Mu dawo gida. Mun ce mu mutanen tudu ne, amma duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kafur ko Ɗanja ko Bakori ya san ba haka abin yake ɗungurungum ba. Da bazara, idan tafki ya ja baya, akan sa rana, a sanar da maƙwabtan garuruwa, a taru a yi su, yara da manya, wasu da koma, wasu da kwando, wasu da hannu kawai. Akan haƙo gaiwa daga busasshiyar laka, inda take kwance tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Ba wanda ya taɓa kafa rumfa don ya kalli wannan, ba kuma wanda ya rubuta shi, shi ya sa muke zaton ba mu da tarihin ruwa. Tarihin da aka rubuta mana na auduga ne: injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975.

Zamanin madatsu ne ya kawo mana ruwan da ba ya ƙafewa: Mairuwa a hanyar Gusau, Gwaigwaye, madatsar Malumfashi, can arewa kuma Zobe kusa da Dutsin-Ma. An gina su ne don ruwan sha da noman rani, amma kifi bai nemi izinin kowa ba. Yau akwai masu kwale-kwale da taru da birgi da mali a bakinsu, akwai mata masu suya da banda, akwai karfasa da tarwaɗa a kasuwanninmu waɗanda ba daga nesa suka zo ba. Ranar sallah kuma matasa sukan cika bakin dam, a ɗauki hoto, a hau jirgi, wasu su tuɓe su faɗa. Kusan duk shekara sai an ji wanda bai fito ba. Iya ruwa fid da kai, in ji magabata, mu kuwa ruwan ya zo mana ne kafin iyawar ta zo.

Akwai wata ribar ƙafa da ruwan ya zo da ita wadda ba ma son ambato. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi dogon bincike a yankin Malumfashi. Cikin abin da suka bi diddigi har da tsargiya, suka kuma sa ido a kan 'yar madatsar Ruwan Sanyi, suna lura da wanda ke shiga ruwa da abin da ya kai shi. Abin da suka gani bai saɓa wa abin da iyayenmu suka sani ba: yara maza da samari, masu wanka da iyo da kamun kifi, su cutar ta fi kamawa. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma, su kuwa ruwa mai kwanciya suke so. A wasu ƙauyuka har akan ɗauki fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Duk mai mafarkin mayar da bakin dam ɗinmu wurin shaƙatawar baƙi, ya kamata ya fara da wannan babi kafin ya kai ga fentin jiragen ruwa.

Mafarkin kuwa ana yinsa. Lokaci-lokaci akan ji an ce me zai hana mu ma mu yi namu bikin, ga ruwa ga kifi. Ba mu ƙi ba. Sai dai masu faɗa sukan hango rumfa da manyan baƙi, su manta cewa Kabawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna da doka kafin su yi baƙo ko ɗaya. Mu a nan wa ke da ikon cewa an rufe ruwa wata uku, a kuma ji maganarsa? Taru mai ƙananan idanu, wani lokaci ma gidan sauro, yana kwashe kifi tun yana kamar ɗan yatsa. A da masu son banza magimfa suke dakawa su zuba a ruwa, ta bugar da kifi. Da maganin ƙwari ya wadata, sai wasu suka koma Gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami, ya kuma bi mai ci har cikin tukunya. Ga noman da ake yi har bakin gaɓa, an sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, duk damina yashi da laka suna gangarawa su cike madatsun. Ga maganin feshi da muke wanke tankinsa a ƙorama. Abin da bai tsaya a Mairuwa ba, gaba zai yi.

Ba ma cewa manomin Funtuwa ne ke da alhakin duk abin da ya sami Matan Fada. Tsakaninmu da can akwai manyan madatsu, akwai birane, akwai gwamnatocin jihohi huɗu da kogin ya ratsa, ga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da aka ɗora wa kula da shi. Amma a taron da ake yi kan bikin, a kan yi maganar otal da hanya da tsaro da masu ɗaukar nauyi, ba mu taɓa jin an gayyaci mutanen mafarin kogin ba, mu ma ba mu taɓa neman a gayyace mu ba. Hanyar da ta haɗa mu da su ta ƙasa, wadda ta bi ta Tsafe da Gusau, shekarun nan ba kowa ke son bin ta da yamma ba.

Da rani, idan mutum ya tsaya a kan ɗaya daga ƙananan gadojin da ke yamma da Funtuwa, abin da zai gani rairayi ne, da 'yan ramukan da masu lambu suka tona suna jan ruwa da injin, da shanu suna ratsawa. Yaro ma zai tsallake shi da gudu. Masu tifa suna ɗibar yashi daga tsakiyarsa, ana sayar da lodi a cikin gari. Kafin watan Yuli ya ƙare wurin zai cika ya yi ja, ya kwashi karan masara da ledoji da ƙasar gonakinmu, ya nufi Gusau.